ITATUWAN ƘASAR ZAZZAU: Abin Da Masu Binciken Tsirrai Suka Gano

Duk wanda ya fito daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi Tudun Wada zai ga itatuwa da dama a gefen hanya da cikin gidaje. Zai ga darbejiya. Zai ga mangwaro da turare da gwaiba. Amma da wuya ya ga itacen doka ko guda ɗaya. Yaran unguwar da yawa ba su san kamanninta ba. In aka ce musu doka, sai su zaci dokar gwamnati ake nufi.

Alhali kuwa masana tsirrai sun ce asalin dajin wannan ƙasa dajin doka ne. Ita ce uwar daji a ƙasar Zazzau tun kafin gonaki su yi yawa. Waɗancan itatuwa huɗu da suka cika gari duk baƙi ne. Mangwaro da darbejiya daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta aka kawo su. A shekarar 1928 aka fara dasa darbejiya a Borno, daga nan ta bazu. Turare daga ƙasar Ostireliya yake. Gwaiba kuma daga nahiyar Amurka.

To, yaya aka yi aka san haka? Akwai mutanen da aikinsu ke nan. Suna bin daji da gonaki suna ƙirga tsirrai. Suna rubuta sunan kowane iri, da inda yake fita, da inda ba ya fita. Su ne masu binciken tsirrai.

Ina ake wannan aiki?

Ba nisa da Tudun Wada. A Samaru da Shika ne. Tun shekarar 1922 aka fara binciken aikin gona a Samaru. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai wurin ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar. A 1964 aka buɗe tashar binciken gandun daji, ita ma a Samaru. A Shika kuma akwai cibiyar binciken dabbobi, inda ake nazarin ciyayin kiwo.

A sashen nazarin tsirrai na jami'ar akwai wani ɗaki na musamman. Taskar tsirrai ce. A cikinta ba littattafai aka fi ajiyewa ba, busassun ganyaye ne da furanni, kowanne a manne a jikin farar takarda mai kauri. Akwai wata babbar taska irinta a Ibadan, wadda ma'aikatar gandun daji ta kafa a 1942. Akwai kuma ta Kew, a birnin Landan, wadda ke cikin mafiya girma a duniya.

Yadda ake aikin

Mai bincike yakan zaɓi wuri a daji ko a gona. Sai ya ja igiya ya kewaye fili, alal misali taku 50 tsawo, taku 50 faɗi. Duk itacen da ke cikin igiyar sai ya ƙirga shi. Ya rubuta irinsa. Ya auna kaurinsa daidai ƙirjin mutum. Ya duba ko akwai ƙanana masu tasowa a ƙarƙashin manya. Daga nan ya matsa wani wuri ya sake jan igiya. In ya yi haka a wurare da yawa, sai ya san irin da ya fi yawa da irin da ya kusa ƙarewa.

In ya ga tsiron da bai sani ba, sai ya yanki ɗan reshe. Dole reshen ya kasance da fure ko 'ya'ya, domin ganye kaɗai yakan ruɗi mutum. Sai ya shimfiɗa reshen tsakanin tsofaffin jaridu, ya danne da katako, ya ɗaure tam. Kullum ya canza takardun har ya bushe. (Ashe tsohuwar jarida tana da amfanin da ya wuce ƙunshe ƙosai.) Bayan ya bushe sai a manna shi a takarda. A rubuta garin da aka samo shi, da ranar, da irin ƙasar wurin, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. A ba shi lamba, a ajiye.

Amfanin wannan ajiya babba ne. Tsiron da aka busar da kyau yakan wuce shekara 100 bai lalace ba. Saboda haka takardar shaida ce. Tana nuna cewa itace kaza yana garin kaza a shekara kaza. In yau aka koma garin aka tarar babu shi, an san ba mafarki tsofaffi suke yi ba. Ɗaliban haɗa magunguna su ma can suke kai saiwa da ganye a tabbatar musu da suna kafin su fara gwaji.

Yanzu an sami ƙarin kayan aiki. Ana duba hotunan da jiragen sama suka ɗauka shekarun baya, a gwada su da hotunan tauraron ɗan'adam na yanzu. Amma hoto daga sama inuwa kawai yake nunawa. Da wuya ya bambanta ɗorawa da darbejiya. Dole sai mutum ya taka da ƙafa ya je gindin itacen.

Likitan da ya tara sunaye

A shekarar 1905 wani likita ɗan ƙasar Sukotlan mai suna John Dalziel ya zo aiki Arewacin Nijeriya. Aikinsa duba marasa lafiya ne, amma yana da sha'awar tsirrai. Ya yi aiki a wurare kamar Katagum da Sakkwato. Duk inda ya je yana tambayar sunan itace da ciyawa da amfaninsu. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa.

Daga baya ya haɗa kai da wani masani na Kew mai suna John Hutchinson. Tsakanin 1927 da 1936 suka fitar da babban littafi mai bayanin tsirran Afirka ta Yamma. A 1937 Dalziel ya ƙara wani a kan amfanin kowane tsiro. An sake gyara babban littafin tsakanin 1954 da 1972, ya ƙunshi tsirrai wajen iri 7,000. Har yau masana suna buɗa shi.

Sunan Turawa ne a bangon waɗannan littattafai. Amma ilmin sunaye da amfani daga bakin manoma da makiyaya da maharba da masu magani ya fito. Ba a rubuta sunayensu ba, sai dai harshensu ya shiga. Sunan doka a wurin masana na duniya duka shi ne Isoberlinia doka. Kalmar ƙarshe Hausa ce tsantsa. Ciyawar gamba da ta kyasuwa, da waɗannan sunaye aka san su a ƙasashen waje. A 1967 wani masani na Samaru mai suna Curtis ya yi bayanin ire-iren dawar Nijeriya, ya kira biyu daga ciki da sunan da manoma suka sani, wato kaura da farafara. Shi kuma Dalziel, an laƙaba sunansa ga itacen hano, ana ce masa Boswellia dalzielii.

Wani zai ce, tun da akwai sunan Hausa, me ya kawo wannan dogon suna mai wuyar faɗi? Dalili shi ne itace ɗaya yakan sami suna da yawa. Darbejiya wasu su ce mata dogon yaro, wasu maina, a Nijar wasu su ce bedi. Haka kuma suna ɗaya yakan hau itace biyu. In aka ce ararraɓi, wasu hano suke nufi, wasu kuma wani itace daban. Ga mai neman inuwa wannan ba komai ba ne. Ga mai jiƙa sassaƙe ya ba yaro kuwa, magana ce ta rai.

Kowane itace da ƙasarsa

Itatuwa ba su watsu haka kawai ba. Babban abin da ke raba su shi ne ruwan sama: yawansa, da tsawon damina.

Ana auna ruwan sama da milimita. In aka kafa miƙaƙƙen gwangwani a fili, aka tara duk ruwan da ya faɗa ciki a shekara, a Zariya zurfinsa zai kai wajen milimita 1,000 ko ya ɗan fi. Wato mita ɗaya ke nan, kamu biyu da ɗan ɗoriya. Damina takan kama daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. A Katsina da Sakkwato ruwan yakan tsaya wajen 600 zuwa 700. A Maraɗi wajen 500 ne. In aka gangara kudu zuwa Kafancan kuwa, yakan kai 1,500.

A 1949 wani ma'aikacin gandun daji mai suna Ronald Keay ya rarraba dajin Nijeriya kashi-kashi, kamar ɗamara a kan ɗamara, daga gabas zuwa yamma. Har yanzu da rabonsa ake koyarwa a makarantu.

Can ƙurya arewa, wajen tafkin Cadi, akwai yankin Sahel. Ƙasar ƙaya ce: ɗakwara mai ƙaro, kandili, aduwa, da ƙarangiya. Ƙasa da shi sai yankin Sudan, wato ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato. Nan ne gidan kuka da gawo da goruba da danya da kurna, da sabara da geza da kalgo. Sai yankin Gini ta Arewa, inda Zariya da Kaduna da Birnin Gwari suke. Nan ne ƙasar doka da farar doka da kafafago. Kudu da shi sai Gini ta Kudu, inda maje da namijin kaɗe da baushe suka fi yawa, ciyawa kuma ta fi mutum tsawo. Daga nan sai kurmi. Waɗannan sunaye na Sudan da Gini sunayen irin daji ne, ba ƙasashen da ake ji a rediyo ba.

Matafiyi yana iya ganin wannan da idonsa. In ya tashi daga Kaduna zuwa Kano, ya lura ta taga. Ganye mai faɗi yana raguwa, ƙaya tana ƙaruwa. Ciyawa tana gajarta. Babu wata iyaka da aka shata, a hankali wani yake miƙa wa wani. Zariya tana kusa da gefen arewa na ƙasar doka. Shi ya sa ake samun itatuwan ɓangare biyu a cikinta, ga kaɗanya ga kuka, ga maje ga gawo.

A cikin ƙasar Zariya ma akwai bambanci. Abin da ke fita a tudu daban ne da na fadama. A bakin kogunan Galma da Kubanni, inda ƙasa ke riƙe ruwa, nan ne wurin giyayya da malmo da giginya da tofa. Yawancin waɗannan wurare yanzu sun koma rake da kayan lambu. A kan duwatsu irin na Kufena kuwa, sai itatuwa masu jure ƙishi, masu cusa saiwa cikin tsaga, kamar hano da kukkuki da dangin ɓaure. Dutse yakan zama mafaka ga tsirrai, domin garma ba ta hawansa. Sai dai masu fasa dutse suna hawa.

Manomi ya daɗe da sanin wannan karatu. In ya ga ƙuduji, wato wuta-wuta, ya cika gona, ya san ƙasa ta gaji. In ya ga gamba ta yi tsawo a saura, ya san ƙasa ta huta.

Yadda gona ta ci daji

Doka itace ce mai taurin rai. In aka sare ta, sai ta tofo daga kututture. In wuta ta ci ta, sai saiwarta ta fitar da sabbin 'ya'ya. Tun ruwa bai sauka ba take fitar da sabon ganye ja mai sheƙi. Abin da ba ta iya jurewa shi ne a tone kututturenta, a kuma nome wurin kowace shekara ba hutu.

Abin da ya faru ke nan a kewayen Zariya. Birnin tsoho ne, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma a gefensa. A 1911 jirgin ƙasa ya iso. Aka kafa Sabon Gari da Tudun Wada, baƙi suka yi ta zuwa. Noman auduga da gyaɗa ya bunƙasa. Kowane gida yana bukatar itacen girki da na rufi. Daji ya yi ta ja da baya. A 1970 jami'ar ta buga wani littafi a kan Zariya da kewayenta, har da babi guda a kan tsirran da ke kewayen birni da ƙauyukan kusa. Tun a lokacin gonaki ne suka kewaye birnin. Yau mai son ganin dajin doka na sosai sai ya nufi manyan gandun daji, irin na Kamuku a Birnin Gwari ko Falgore a kudancin Kano.

Amma manomin Zazzau bai share komai ba. Ya yi zaɓe. Da zai yi sassabe sai ya bar itacen da ke ciyar da shi. Ya bar ɗorawa saboda kalwa da garinta da makuba. Ya bar kaɗanya saboda man kaɗe. Ya bar kuka saboda miya, tsamiya saboda kunu, ɗinya da kanya saboda 'ya'yansu. Ya bar gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar amfanin gona ya sha rana, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi abinci da inuwa. A cikin gari aka bar rimi da durumi da ceɗiya. Sunayen wurare suna ba da shaida: Rimin Doko da Rimin Tsiwa a birnin Zariya, Kawo da Unguwar Rimi a Kaduna, Kurna da Giginyu da Ɗorayi a Kano.

Masana sun lura cewa wannan irin gona mai itatuwa jefi-jefi ba ragowar daji ba ce kawai. Aikin hannu ce. Lambu ne da kakanni suka tsara ba tare da sun dasa ba. A 1974 mujallar Savanna ta Jami'ar Ahmadu Bello ta buga dogon bayani a kan irin waɗannan gonaki na Afirka ta Yamma.

Wuta da ciyawa

Bayan ruwa da gatari, abu na uku mai tsara daji shi ne wuta. An taɓa gwada wannan a fili. A 1929 ma'aikatan gandun daji suka ware filaye uku a Olokemeji, can kudu tsakanin Ibadan da Abeokuta. Na farko ana ƙona shi kowace shekara a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau. Na biyu ana ƙona shi da wuri, tun ciyawa da sauran ɗanyantaka. Na uku ba a bari wuta ta taɓa shi. Bayan shekara 28 aka ƙirga. Wanda aka kare ya rufe ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwa da dama. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa ciyawa ce ta fi yawa, sai itatuwa kaɗan masu kaurin ɓawo.

Olokemeji ta fi Zariya ruwa, saboda haka dajin nan ba zai zama kurmi ba. Amma wutar bazara a ko'ina ita ce mai kashe ƙananan itatuwa. Masu cinna wa daji wuta don kama ɓera da gafiya ba su san abin da suke ƙonawa ba.

Ciyawa ma tana da nata labarin. A 1973 masana suka ɗauki irin gamba daga Shika suka kai ƙasar Kolombiya a Kudancin Amurka. Can suna da filayen kiwo masu faɗi amma ƙasar ba ta da ƙarfi. Gamba ta karɓi wurin. A 1980 aka fara raba irinta ga makiyaya a Kolombiya da Barazil. Ciyawar da ake yi wa kallon kayan zana a nan, ta zama abincin shanu a wata nahiya.

A Ostireliya kuwa abin ya zo da akasi. An kai gamba can tun 1931 domin kiwo. Ta tsere daga gonaki ta shiga daji. Babu mai yankan ta ya yi zana. Takan kai tsawon mita 4, in ta kama da wuta sai ta cinye itatuwan ƙasar. A 2012 gwamnatinsu ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. Tsiro ɗaya ne, a wani wuri arziki, a wani wuri masifa. Shi ya sa masana ke cewa a yi bincike kafin a kai tsiro ƙasar da ba tasa ba.

Yawa daban, iri daban

An daɗe ana cewa itatuwa suna ƙarewa a Arewa. Gaskiya ne a daji. A gona kuwa maganar tana da ɗan sarƙaƙiya, kuma a ƙasar Kano aka fi bin diddiginta.

A 1990 aka buga sakamakon wani bincike da malaman Jami'ar Bayero suka yi a kan itacen girki. Sun gwada hotunan sama na shekaru daban-daban. Suka tarar itatuwan gonakin da ke kewaye da Kano ba su ragu ba, duk da yawan jama'a da farin da aka sha. Manoma suna tsaron itatuwansu. Itacen da birni ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo yawancinsa.

A 2018 da 2019 aka buga wani sabon bincike a kan gonakin Kano. Shi ma ya tarar yawan itatuwa ya ƙaru. Amma da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga darbejiya ce ke ƙaruwa ƙwarai, itatuwan gado da dama kuwa suna raguwa.

Nan ne gizo ke saƙa. Gonar da ke da itace 20 duk darbejiya, da gonar da ke da itace 20 iri goma, daga sama duk ɗaya suke. A tukunya ba ɗaya ba ne. Darbejiya tana da amfani: ga inuwa, ga itace, ga magani, kuma tana jure fari. Amma ba a daddawa da ita, ba a kaɗa miya da ita. Maƙeri ba ya samun gawayin ƙirya a jikinta. Masassaƙi ba ya samun turmi mai ƙarko. Mai zuwa kasuwar Tudun Wada ya duba rumfunan masu kuka da daddawa da man kaɗe da tsamiya, da shimfiɗun masu saiwoyi da sassaƙe. Duk wannan ciniki a kan itatuwan gado yake tsaye, kuma mata ne suka fi cin abinci da shi.

Wani irin kuma kasuwar waje ce ke cinye shi. Madobiya misali ce. An yi ta sare ta a jihohi irin su Taraba ana kai katakon ƙasar Sin. A 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izni. A 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya.

Tsofaffi ba magada

Akwai gwajin da kowane manomi zai iya yi ba tare da kayan aiki ba. Ya tsaya a tsakiyar gonarsa ya ƙirga manyan ɗorawa da kaɗanya da yake hange. Sannan ya ƙirga ƙananan da ba su wuce tsayinsa ba. A wurare da yawa zai sami manya, ƙanana kuwa babu ko ɗaya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga littafi a 1999 a kan irin waɗannan gonaki na Afirka, ta kuma nuna wannan matsala: itatuwan suna tsufa, masu maye gurbinsu sun yi kaɗan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A da ana barin gona ta huta shekaru. A cikin saurar ne ƙananan itatuwa ke samun damar tasowa. Yanzu ƙasa ta yi kaɗan, babu hutu. Garmar shanu da ta tarakta suna tumɓuke duk abin da ya tsiro. Abin da ya tsira, awaki su cinye da rani. Ga kuma tsince 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa kakaf, ba a bar na iri ba.

Kaɗanya kuwa ba ta da gaggawa. Takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Ɗorawa takan yi 5 zuwa 10. Wanda ya sare babbar kaɗanya ya yi gawayi, a kwana biyu ya sayar da abin da ya girmi ubansa.

Abin da manoman Maraɗi suka yi

Ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ba ta samun fiye da rabin ruwan Zariya. Bayan farin 1973 gonakinta da yawa sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An yi ta dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da wani abu. Ƙananan tofon da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba su bukatar dashe ko ban ruwa. Abin da suke bukata a daina sare su duka.

Hanyar ba ta da wuya, kuma wasu manoma sun san irinta tun da can. Lokacin sassabe, manomi ya duba kututturen da ya tofo. Ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya bar su. Ya sare sauran. Ya datse ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, yana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ya sa wata alama, kamar tsumma, don a san da mai shi. Bayan wata kaɗan ya dawo ya sake gyarawa. Tun da saiwar babba ce, itacen yakan girma da sauri fiye da dashe. A Maraɗi ana kiran wannan sassaben zamani.

Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye, har ƙasar Damagaram. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya-bayan nan, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Gawo da kalgo da sabara suna cikin waɗanda suka fi dawowa.

Sassaben zamani yana dawo da abin da saiwarsa ke nan ne kawai. Irin da ya ɓace a gona gaba ɗaya, sai an nemo 'ya'yansa an shuka. Kalwa tana son a ɗan jiƙa ta a ruwan zafi kafin shuka, saboda taurin ɓawonta. Ƙwallon kaɗanya kuwa ba ya jira, a shuka shi cikin 'yan kwanaki bayan ya faɗo, in ya bushe ba ya tsira. Kowanne a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a share ciyawar gindinsa kafin lokacin gobarar daji.

Ƙauyen da ke son sanin abin da ya rage masa yana iya farawa da littafin rubutu ɗaya. A zauna da dattawa da makiyaya da mata masu daddawa. A rubuta sunan kowane itace da suka sani a ƙasar garin. A gaban kowane suna a rubuta ko yana da yawa, ko ya yi kaɗan, ko an daina ganinsa. In aka ci karo da tsiron da aka kasa sanin sunansa, a yanki reshe mai fure ko 'ya'ya, a danne shi cikin jarida, a rubuta wuri da rana. Malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma zai iya taimakawa a kai shi taskar tsirrai ta Samaru a duba.